Haƙoran Kawu Mai Tsirkiya

Kawuna, wan mahaifiyata, tsirkiyar baka yake yi tun kafin a haife ni, kuma da haƙori yake yin ta. Mahauci zai ajiye masa jijiyar bayan sa da agara, shi kuma ya shanya su har su bushe ƙayau, ya bubbuge a kan dutse, ya tsefe sili-sili. Sai ya zauna bakin ƙofa ya yi ta taunar silin nan har ya yi laushi, ya murza a cinya yana ƙara wani. Ya ce ruwa jiƙa jijiya kawai yake yi, yawu ne yake sa ta kama 'yar'uwarta. In ka gaishe shi yana aiki, da gira zai amsa maka.

Muna yara tsokanarsa muke yi, wai shi kaɗai ne yake wuni yana tauna bai ƙoshi ba. Matarsa Inna kuwa cewa take yi da warin jijiya aka ɗaura mata aure, Kawu rakiya ya yi.

Masu saye suka yi ta raguwa. Wasu sun rasu, wasu sun koma bindiga, har ya rage saura Dogo, abokinsa maharbi, wanda duk ƙarshen damina sai ya zo ya karɓi sabuwa. Haƙoran ma haka suka yi ta tafiya. Na gaba suka zube, ya koma tauna da na gefe.

Bara kuncinsa ya kumbura har ido ya ƙanƙance, na ja shi asibiti da ƙyar. Likita ta ce ragowar haƙoran sun ruɓe, ruɓar ta fara cin ƙashin muƙamuƙi, a cire su a ranar. Kawu ya saurare ta tsaf, ya yi godiya, ya ce zai dawo in ya gama tsirkiyar Dogo.

Raina ya ɓaci. A ƙofar asibitin na ce masa ya jiƙa da ruwa mana, wa zai gane?

"'Yar nan," ya ce, "mutum zai shiga daji ya tsaya gaban dabba da abin da na ba shi. In ba shi ta ruwa?"

Haka ya koma bakin ƙofarsa. Yana tauna hawaye na zuba, silin yana fitowa da ja-ja. Inna ta ɓoye jijiyar, ya binciko. Ta yi kuka, ta yi yaji na wuni guda ta dawo, bai fasa ba. Ni kam tsoro nake ji, kullum na shiga gidan sai na fara duba fuskarsa kafin in gaishe shi. Kafin ya gama, ciwon ya yi nisa. Aka cire haƙoran, aka kankare ƙashin, bakinsa ya karkace, ko magana ba ta fita daidai.

Da ya ɗan ji sauƙi ya ce shi zai kai wa Dogo tsirkiyar da kansa, na raka shi. Muka tarar Dogo ya fita, matarsa ta buɗe mana ɗakinsa mu jira. Baka yana rataye a bango, an ɗaure shi da koriyar igiyar roba, irin ta shanyar kaya. Kusa da shi, a kan ƙusa, tsirkiyoyin Kawu ne a nannaɗe, ƙura ta rufe su. Kawu ya sauko da ɗaya ya duba bakinta. Ba a taɓa ɗana ta ba.

Dogo ya shigo ya same mu a haka. Ya dubi bakin abokinsa, ya zauna a ƙasa. Ya ce ya daɗe da barin daji, kafaɗarsa ba ta iya jan baka, jikoki ne suke wasa da shi.

"To in na daina zuwa," ya ce, "me za ka tashi ka yi da safe?"

Kawu ya motsa baki, abin da ya fito ban gane ba. Ya zaro sabuwar daga aljihu, ya rataye ta da kansa a kan ƙusar. A hanya na kama hannunsa za mu tsallaka titi, ya fizge.