Fom ɗin da baban Sadik ya cike

Jiya ina cikin mota a kan titin Gate City Boulevard na kira kamfanin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, in soke tafiyar da marigayi maigidana ya shirya mana. Ɗanmu Sadik yana da otizim, lalurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya, kuma babansa ne gwanin lallashinsa.

Na ce wa matar da ta ɗauka, "Ni kaɗai ba zan iya da shi a tsakiyar teku ba."

Ta ce, "Mijinki ya cike mana fom. Wurin abin da ke kwantar wa yaro hankali, ya rubuta ƙamshin mayafin mamarsa."

Ashe shi ya sa mayafaina ke yawan ɓata a da, babansa ne ke ɗauka yana lallashinsa da su.

Ban soke ba tukuna. Waɗanda suka taɓa shiga jirgin nan da irin yarona, don Allah yaya kuka yi?