Ranar da Na Kifar da Butar Shayi

A gidanmu na tsohon gari a Agadas, ba a tatsuniya sai an sauke tuwo. Kaka Tamo takan jawo murhun gawayi gabanta, mu jikoki mu kewaye ta. Bayan magariba ba ta ambatar maciji, sai ta ce igiyar ƙasa. Wanda ya kuskura ya faɗi sunan, kunnensa ne zai gaya masa.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce gardamar kunama da kububuwa, kowace tana cewa ita ta fi. Kunama ta harbi wani ɗan ayari, ya kwarma ihu, aka taru kansa da magani, da safe ya hau raƙuminsa. Kububuwa ta sari wansa a dunduniya. Ya duba, ya ce ba komai, ya zauna ya sha shayi. Bayan kwanaki jini ya ɓalle masa ta dasashi, raƙuminsa ya koma gida ba mahayi.

"Kunama baki gare ta," in ji Kaka. "Waccan kuwa ladabi gare ta. Tana barin mutum ya sha shayinsa."

Mu dai dariya muke yi.

Bara muka je suna Aderbissinat. Maigidana, Baban Hadiza, ya sa hannu cikin tarin ciyawar rago, kububuwa ta sare shi. Aka ɗaure hannun da rawani, aka liƙa baƙin dutse mai tsotse dafi, maza suka koma tabarma.

"Bari mu sha kofin shayi na farko, mu ga abin da za ta yi," in ji maigidana.

Ni da ban taɓa taka tabarmar surukaina ba, na ɗauki butar shayin na kifar.

"Tashi mu tahi likita."

Kafin mu shiga Agadas yawunsa ya yi ja. Aka kwance rawanin, infirmiye, wato malamin asibiti, ya ɗaura masa ruwan maganin dafi ta jijiya. Washegari jinin ya tsaya, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu sararin yi ba.

Kaka ba ta taɓa ganin wannan magani ba. Abin da ke hannunta ta ba mu, wato kada mu zauna. Na gode wa masu maganin, na gode mata.

Har yau dangin mijina suna kirana Mai Kifar da Buta, ina kuwa amsawa. Kowace yamma shi ke miƙo mini na farko da wancan hannun, sai na yi wa Kaka addu'a kafin in kurɓa.