Layin da Na Ƙi Zanawa

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa manta ranar da na gane cewa da hannuna na share ƙauyen kawuna daga kan taswira ba.

A shekarun 1970 ne, ina aiki a wani ƙaramin ofishin awon ƙasa a yankin Sinja. Aikina shi ne a kawo mini hotunan da jirgi ya ɗauko daga sama, in shimfiɗa takarda mai shara-shara a kansu, in fitar da hanyoyi da alƙalami. Akwai wani gilashi mai ido biyu da ake ɗorawa a kan hotuna, sai ka ga ƙasa ta taso kamar ka taɓa. Hanyar lori fara ce miƙaƙƙiya, magudanar ruwan gona baƙa ce, ƙoramar da ta ƙafe kuwa murɗe-murɗe take yi, da itatuwa a gefenta. Na iya aikin, kuma na san na iya, wannan shi ne ciwona a lokacin.

Wata rana na ci karo da wani siririn layi, bai kai kaurin zare ba, ya rabu da babbar hanya ya nutsa cikin daji. Na dube shi sau ɗaya, na ce ƙarzuwar fim ce, na wuce. Ana jiran takardar, ni kuma ina son a ce na fi kowa sauri. Yanzu an ce na'ura ce ke tsamo hanyoyi daga hotunan tauraron ɗan Adam, ba ta gajiya, ba ta gaggawa. Ban sani ba ko ita ma tana tsallake irin wannan zaren.

Bayan wata biyu kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo gidanmu a Mai Wurno. Manomi ne a wani ƙauye can kudu, inda ban taɓa zuwa ba. Aka kawo masa shayi, ya bar shi har ya huce.

"Ɗana, an zo an kafa turaka a gonakinmu," in ji shi. "Wai za a ba masu tarakta. Mun ce akwai mutane a nan, suka buɗe takarda suka ce babu kowa, babu ko hanya. Kai da ke aikin takardun nan, wane marar tsoron Allah ne ya zana ta?"

Na tambaye shi inda hanyarsu ta rabu da ta lori. Yana kwatantawa, da ɗan dutsen da ke hannun hagu da kwanar ƙorama, ni kuma ina tuna siririn layin nan da na tsallake. Na san wurin sarai. Na ce masa zan bincika, ban iya haɗa ido da shi ba.

Kwana uku na yi ina jujjuya abin. In na yi shiru, babu mai sani, domin takardu da yawa ne, kuma shugaban ofishinmu ya riga ya sa hannu. In na faɗa, aikina na iya tafiya, ga matata da cikin fari. A ofis duk wanda ya kira ni sai in ɗauka an gano ni. Kawu kuma yana gida yana jira, kullum da safe ya ce, "An dace?" in ce tukuna.

Rana ta huɗu na ɗauko hotunan na sake ɗora gilashin, na bi zaren a hankali. Ashe da rani aka ɗauki hoton, jinkar ɗakuna ta saje da busasshiyar ciyawa. Amma a ƙarshen layin ga wasu ƙananan zaruruwa sun taho daga ko'ina sun haɗu a ɗigo guda. Rijiya ce. Ƙarzuwar fim ba ta zuwa rijiya.

Na shiga wurin shugabanmu, wanda muke kira bashmuhandis, wato babban injiniya. Na ce masa da Larabci, harshen da ake aiki da shi a ofishin, "Ya bashmuhandis, na yi kuskure, kuma kuskuren ya faɗa kan mutane." Na nuna masa rijiyar, na faɗa masa ƙauyen kawuna ne, ya sunkuya kan gilashin ya duba. Da ya ɗago sai ya ce, "Don danginka ne ka gani yanzu?"

"Don su ne na sake dubawa," na ce. "Amma rijiyar tana nan tun kafin in duba."

Washegari muka ɗauki Kawu a mota ya nuna hanya. Muka tarar da mata a bakin rijiya, ga jakuna, ga rumbunan dawa. Bashmuhandis ya zagaya, ya yi rubutu, sa'an nan a gaban dattawan ƙauyen ya ce, "Ga wanda ya bar hanyarku, kuma ga wanda ya dawo da ita." Kawu ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe kai ne." Na gwammace da marina ya yi.

An gyara taswirar, an tuge turakan da ke kusa da gari. Amma gonakin gabas, har da ta Kawu, an riga an kammala takardunsu, ba su dawo ba. Ba a kore ni ba, an dai mayar da ni tafiyar daji shekara guda, ina tabbatar da hanyoyi da ƙafata. Kawu bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, kuma kowace kaka sai ya aiko mana da dawa daga 'yar gonar da ta rage masa.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ga ya yi ƙanƙanta daga nesa, ka tambayi wanda yake takawa kafin ka yanke hukunci. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa a ranar da ka gane, domin kwanakin da ka yi kana tsoron kanka, wani ne yake biyansu da gonarsa.