Murmushin Likita a Gidan Makoki

Yayana ya dawo daga yaƙi da gaɓoɓinsa cif, sai dai hannunsa ya koyi riga bakinsa magana. Ya taɓa fasa wa wani ɗan dako baki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan don ya taka shi bai ce sannu ba. Karen maƙwabcinmu da dutse ɗaya ya kashe shi. Duk unguwa Soja ake ce masa, har Mama. Abu ɗaya ne yake sa muryarsa ta yi laushi: 'yarsa mai shekara uku, wadda yake ɗorawa a wuya ya kai ta kallon jirgi.

Ni a lokacin ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, ina rubuta waƙoƙi a bayan littafin lissafi. Da hutu nakan je gidan wani likita mutumin ƙasar Tailan, a bayan asibiti, in koya wa matarsa Hausa. Madam nake ce mata. Ita kuma ta koya mini yadda baƙo yake shiga gida a wurinsu. Takalmi a waje yake tsayawa. Ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. In za ka gaisa, ka haɗa tafin hannunka a ƙirji ka sunkuyar da kai. Ba a miƙe wa mutum ƙafa, ba a ɗaga murya, kuma ba a taɓa kan kowa, don kai ne wuri mafi daraja a jikin mutum. Wasu dokokin irin namu ne, kamar rusunawa in za ka gifta babba. Gidan shiru, sai ƙamshin shinkafa da lemun tsami. Ina son zuwa, domin a can babu abin da yake fashewa.

Wata rana na same ta da wasiƙa a cinya. Ta ce mahaifiyarta ta rasu. Tana faɗa tana murmushi. Da ta ga na daskare, sai ta yi mini bayani da 'yar Hausarta da Turanci: a garinsu ba a ɗora wa baƙo nauyin zuciya. Mutum yakan yi murmushi in ya ji kunya, ko yana neman gafara, ko ciwo ya kai masa ƙashi. Abin ya yi mini kyau har na rubuta waƙa a kai. Tunanina bai wuce waƙar ba.

A kakar wannan shekara ƙyanda ta shigo unguwarmu. 'Yar yayana ta kwana huɗu a asibiti, ta cika a hannun likitan nan. Yayana bai yi kuka ba. Shi ya haƙa ramin da kansa, ya hana kowa karɓar diga.

Madam ta tambaye ni yadda ake zuwa gaisuwar mutuwa a wurinmu. Na koya musu su biyu. Na ce su fara da mazan da ke ƙarƙashin mangwaro, su ce "Sannunku da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku," su ɗan zauna, in an ba su kunu su kurɓa. Likita ya maimaita kalmomin har suka zauna a bakinsa. Na gyara masa harshe, ban ce masa komai game da fuskarsa ba.

Suka zo rana ta uku da hantsi, cikin baƙaƙen kaya. Tsakar gidanmu cike. Matan zumuntar coci suna waƙa a hankali, wasu biyu suna dakan acca ta kunun baƙi, cittar Mama da aka fasa tana shanye a gefe. Likita ya cire takalminsa tun daga bakin danga, ya taho a kan tsakuwa.

Gwaggona ta ce, "Dokta, sa takalminka. Nan ba kurmin da Annabi Musa ya cire takalmi ba ne, gidan talakawa ne."

Wasu suka yi 'yar dariya. Yayana yana kan benci, kansa a ƙasa. Likita ya rusuna a gabansa, ya haɗa hannu, ya faɗi gaisuwar daidai, ko harafi bai ɓata ba. Yayana ya ɗago ya ga likita yana murmushi, haƙora a waje.

"Me kake wa dariya?"

Likita bai gane ba. Ya ƙara sunkuyawa, ya ce da Turanci ya yi iyakar ƙoƙarinsa, a yafe masa. Murmushin ya ƙara faɗi.

"Ka kashe mini 'ya, ka biyo ni gida ka ga ko ta yi mini zafi?"

Ya damƙi gashin kan likitan. Tun kafin duka ya sauka na ga Madam ta rufe bakinta da hannu biyu. Yayana ya jawo kan ƙasa, ya haɗa shi da gwiwarsa. Tabarau ya karye gida biyu. Ya ɗago shi ya mare shi da bayan hannu, ya sake mari, sannan ya wurga shi cikin shanyar citta. Waƙa ta tsinke a tsakiyar baiti.

Baba Fasto ya riƙe masa hannu. "Ɗana, gawa ba ta huce ba. Ka ji tsoron Allah."

"Baba, na ga inda Allah yake tsayawa yana kallo. Matsa."

Ya ture shi, tsohon ya faɗa kan benci, bencin ya kife da mutum uku. Kawuna ya kama shi ta baya, ya sha gwiwar hannu a maƙogwaro, ya zube yana tari. Daga nan maza suka ja da baya. Kowa ya san Soja.

Likita ya tashi a kan gwiwoyinsa. Jini yana zuba daga hancinsa zuwa farar cittar, ƙamshinta mai yaji ya gauraye da ƙarnin. Bai kare kansa ba, bai gudu ba. Ya sake haɗa hannuwansa, ya ɗaga su har goshi, irin gaisuwar da Madam ta ce sai ga wanda ya fi ka nesa ba kusa ba ake yi. Leɓunansa da suka fashe suka sake buɗewa. Haƙoran jajaye.

Da ya ɓata rai, da ya yi ihu ko ya rama, ina jin da abin ya tsaya a nan.

Yayana ya je wurin masu daka ya zare taɓarya daga hannun ɗaya. Ya dawo ba gaggawa. Bugun farko a kan hannuwan nan da ke haɗe ya sauka. Ƙarar kamar an karya rake. Likita ya faɗi ta gefe, yayana ya taka ƙirjinsa, ya ɗaga taɓaryar saitin kai. Na san in ta sauka za a haƙa rami na biyu, kuma yayana igiyar rataya ce za ta ɗauke shi.

Ni ba mai ƙarfi ba ce. Ko kaza ba na iya riƙewa a yanka. Ban san lokacin da na tsallake turmi ba, sai na ji ni kwance a kan likitan, fuskata cikin jininsa.

"Yaya, ba dariya yake ba. Haka suke kuka a garinsu."

"Tashi, 'yar boko. Ke ma sun koya miki dariyar?"

"Ni na kawo su. Ni ce ban gaya masa ba."

"Na ce tashi."

Ban tashi ba. Taɓaryar ta sauka a kafaɗata. Ban ji zafi da farko ba, haske na gani fari, kamar rana ta faɗo cikin ruwa, sannan hannuna ya zama na wani. Na ji muryar Mama kusa, ba ta ɗaga ta ba.

"Soja, saura ni. Ka gama da ƙanwarka ka zo, ga ni."

Yayana ya dubi taɓaryar, ya goge bakinta a wandonsa, ya kai wa matar da ya karɓa a hannunta, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya fita ta bayan gida.

Madam ce ta tuƙa mu zuwa asibiti, ni da mijinta a kujerar baya. Yatsunsa uku sun karye a hannun dama, da muƙamuƙi. Ni ƙashin kafaɗa. Da 'yan sanda suka zo, likita ya rubuta musu da hannun hagu cewa ba ya ƙarar kowa. Amma bai ƙara riƙe wuƙar tiyata a garinmu ba. Masu ciwo daga Kwoi da Manchok suka yi ta zuwa ana mayar da su, kuma kafin ruwan farko ya sauka shi da Madam sun koma ƙasarsu.

Yayana ya tafi Godogodo wurin dangin Mama, bai sake kwana a Kafanchan ba. Na je na same shi bayan an kwance mini ɗauri. Yana tada kunyar doya, bai daina ba da ya gan ni.

"Mutumin yana da rai?"

"Yana da rai."

Ya sari ƙasa sau biyu ko uku. "Da gaske kuka yake?"

Na ce masa da gaske ne. Ya jingina garmarsa, ya dubi kafaɗata da ta ɗan karkace, ya karɓi jakata ya rataya. Muka bi hanyar gida, yana gaba, yana rage tafiya don in cim masa.