Na Huɗu a Hoton Inna Tuyet

Tun da na fara sayar da shayi a bakin tafkin Hoan Kiem nake ganin Kawu Khiem da tsohuwar kyamararsa ta fim, yana ɗingishi. Komai da hannu yake saitawa. Ya dubi sama, ya dubi ruwa, ya murɗa, ya ɗauka. Ga taurin kai, hoto ko yaya ya yi dishi-dishi yaga shi yake, ko mai shi na roƙo.

Wata yammar kaka, ganyayen bakin ruwa sun yi jawur, sai ga Inna Tuyet da 'ya'yanta mata biyu. Washegari za a yi mata aiki a zuciya, suna son hoto tare. Suka jera, ita a tsakiya. Can sai ta ƙirga su, ta yi maza ta fice daga tsakiyar. Kowa a nan ya san abin da ake faɗa: mutum uku a hoto, na tsakiya ne ke fara mutuwa.

Babbar 'yar ta ce camfi ne, ta shiga tsakiyar da kanta. Uwar ta fizgo ta.

"Ke kuma in sa ki a wurin? Allah ya kiyaye."

Ƙaramar ta fara kuka. Rana na shirin faɗuwa, fim saura ɗauka ɗaya. Suka roƙe ni in shiga, na ce wa zai tsare mini tukunya. Gaskiya tsoro ne, ban son shiga hoton mai jinya.

Kawu ya harare ni. Ya kafa kyamarar a kan sandunanta, ya buɗe idonta sosai, ya rage mata sauri don hasken ya ishe ta. Ya ce kada wadda ta motsa. Ya ɗana ɗan agogon da ke jinkirta ɗauka, ya taho da gurguwar ƙafarsa don ya shiga hoton. Bai gama tsayawa ba muka ji ƙas.

Da safe na raka shi asibiti ya kai wa Inna Tuyet hoton da ya wanke. Su ukun sun fito tas, ganye da ruwa ma haka. Shi kuwa kamar hayaƙi a gefe, takalmi ɗaya kawai ake ganewa. Na zaci zai yaga. Ya miƙa mata, kansa a ƙasa.

Inna Tuyet ta bi hoton da yatsa.

"Huɗu ne," in ji ta. "To, ku tura ni ɗakin tiyata."