Inna Habsu da Tabarau na Kara

Bana shekara talatin da bakwai ke nan da muka kai Inna Habsu makwancinta a Tama. Sai da na ƙirga sau biyu kafin in yarda. Yanzu har na girme ta, don ta rasu ba ta kai shekarun da nake da su yau ba. Duk shekara idan an gama girbi aka tara kara a gonaki sai ta faɗo mini a rai, in ce bari in rubuta wani abu a kanta, sannan in nemi dalilin fasawa. Dalilin kuwa ɗaya ne, kunya. Akwai abin da na yi mata wanda ko matata ban taɓa faɗa wa ba, kuma na gaji da ɗaukarsa.

Yayar mahaifiyata ce, ita ta goya ni tun da aka yaye ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma babu gidan da ya kai nata yara a garin. A shekarun da suka biyo bayan babban fari, da an cire amfanin gona maza sai su tafi neman kuɗi kudu, mata kuma su wuni a fadama suna ban ruwan albasa. Yaran lakwal, wato makarantar boko, su tashi da tsakar rana, su tarar da gida babu kowa. Inna tana da ciwon gwiwa, ba ta iya zuwa fadama, sai iyayen suka riƙa cewa yara su jira a wurinta. Babu wanda ya ɗora mata, babu wanda ya yanka mata lada. Wata ta kawo albasa, wata ɗan gero, wata sannu kawai.

Wanda ya taɓa zama da yara ashirin masu jin yunwa ya san ba a riƙe su da tsawa. Inna ta riƙe su da kara. Takan ɓare bayan karan dawa siri-siri, ta yanka farin cikin nan mai laushi gunduwa-gunduwa, sai ga mota, sai ga rediyo har da eriya, sai ga gado ɗan mitsitsi. Ƙayar aduwa ce ƙusarta, ƙaro jiƙaƙƙe shi ne abin liƙinta. Launi kuwa daga jar ƙasa da baƙin tukunya da ɗan shuni. Ƴan mata su saƙa mafici da kaba, maza su gina shanu da laka, a jera a gindin katanga su bushe. Gwangwanin tumatir ba ya zuwa juji a unguwar, haka ma tsohon silifa, don taya huɗu ake fitarwa a jikinsa. Abin da yara suka fi so shi ne tabarau na kara. Sai ka ga yaro hanci duk majina, ya maƙala tabarau, yana taƙama kamar kwamanda.

Ni ma na yi wannan wasa a gabanta. Amma aka kai ni karatu Madawa, daga nan gaba, na dawo malamin makaranta da wando mai kari da agogo. Aka turo ni Tama ɗin dai, garinmu. Tun ranar da na iso Inna ta daina ce mini Idi, ta koma Mushe, yadda ake kiran malamin boko daga Faransanci, tana faɗa tana murmushi. Ni kuwa na ɗauki abin da gaske. Ina ganin aikinta na kara da laka a matsayin shirmen ƙauye, har nakan kori yaro daga aji idan na ga tabarau a aljihunsa.

Sai aka aiko mana takarda cewa mai duba makarantu zai zo daga Madawa ƙarshen shekara, kuma yana so ya ga aikin hannun da muke koya wa yara. Ban koya musu komai ba. Littafin da aka ba mu yana maganar takarda mai launi da almakashi, mu kuwa alli ma sai mun karya biyu. Ido ya raina fata. Na tafi gidan Inna da yamma na ce ta ara mini kayan yaran. Murna ta kama ta, ta zaɓo mafi kyau, ta goge su da bakin zanenta, ta sa aka kai mini a faifai.

Ranar, muka jera su a kan tebura a filin makaranta. Malaman ƙauyukan kewaye sun zo, iyaye kuma suna tsaitsaye a bayan darni, Inna a cikinsu ta dogara sanda. Baƙon ya daɗe yana jujjuya wata mota mai ƙofa da ke buɗewa. Ya tambaye ni da Faransanci wa ya koya wa yaran wannan. Na ce ni ne. Ban yi gardama da zuciyata ba ko kaɗan, maganar ta fito sumul.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ce to madalla, in nuna wa sauran malamai yadda ake yin tabarau. Na zaro kara daga darnin makaranta, na ɓare, na tanƙwara, ya karye. Na sake, ya karye. A na uku bakin ɓawon ya tsaga mini babban yatsa, jini ya ɗiga a kan farar rigata. Abin da ban sani ba, Inna takan binne ɓawon a cikin jiƙaƙƙen rairayi ƙarƙashin randa ya kwana, shi ya sa nata yake lanƙwasuwa kamar zare. Shekaru ina karɓa daga hannunta ina wasa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai na ji muryarta daga bayan darni. "Idi, ba haka a ka yi ba! Busasshe na. Aiki ɗiya su ɗauko maka nawa ƙarƙashin randa." Tsoro ya sa ta manta da Mushe, ta ga jini ne kawai a hannun ɗanta.

Baƙon mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya tambayi wace ce wannan, me take cewa. Na ce masa wata tsohuwa ce ta unguwa mai yawan surutu, kada ya kula ta. Na faɗa da Faransanci don na san ba ta ji. Na manta cewa yaran babban aji suna ji, ni na koya musu. Na ga sun sunkuyar da kai gaba ɗaya. Na ce wa baƙon karan bana ne bai yi kyau ba, ya yi dariya, aka wuce wurin.

Da yamma na je gidan kamar ɓarawon da aka kama. Tana zaune tana tsince wake. Ta ce, "Ɗiyan ga sun hwaɗa min abin da kac ce ma baƙonka. To mi a ciki? Ai ba ƙarya kay yi ba, tsuhwa ya zo, surutu kau ina da shi. Miƙo hannun in gani." Ta wanke yatsan, ta ɗaure shi da tsumma. Da ta zage ni, da na sami sauƙi. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, girman kai ya riƙe mini harshe, na ce mata miyar jiya ta yi gishiri.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Aka rubuto mini takardar yabo, aka mayar da ni Madawa, aka sa ni koya wa malamai aikin hannu da kayan da ba a saya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk hutu sai in koma Tama in zauna a gabanta, ta nuna mini yadda ake jiƙa ƙaro, yadda ake haɗa laka da kashin jaki don kada ta tsage, ni ina rubutawa a ɓoye. Ta san abin da nake yi da shi, ba ta taɓa rage mini komai ba. Daga Buza har Keita aka san ni da Mushe mai kara. Sau nawa na tsaya gaban malamai, ban ambaci sunanta ko sau ɗaya ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace, har aka aiko mini ta rasu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Jikokina suna dawowa daga makaranta su kwanta da waya a hannu, wuya a karye, ba mai ce wa wani ƙala. Motar roba ta kasuwa kwana biyu take yi ta fashe, yaro ya yi kuka a sayo wata, don bai san ana gyara abu ba. Ni abin yana ba ni haushi, ina ta faɗa. Ita na san ba za ta yi faɗa ba. Za ta zauna a tsakar gida ta fara ɓare kara ba tare da ta kira kowa ba, kafin a jima ka ga an ajiye wayar an matso. Haka take yi, ba ta taɓa cewa yaro zo in koya maka ba.

Watan jiya aka ce mini akwai wata mata a nan Madawa da ƴaƴan ma'aikata ke jira a gidanta bayan an tashi makaranta. Na je gani. Rabi ce, ɗaya daga cikin yaran babban ajin nan na Tama, yanzu da furfura. Kara ne a tsakar gidan, da gwangwani, da robobin ruwa da aka yanka aka yi tukwanen fure. Ta gane ni nan take, ta durƙusa ta gaishe ni. Ina jira ta ce wa yaran ga malaminta, sai ta ce, "Kun san ko wane na wanga? Ɗan Inna Habsu na, wadda nika ba ku labari." Yaran suka zagaye ni suna kallo kamar na zo da wani abin albarka.

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa. Takardar yabon nan gara ta cinye ta tun tuni, kuma ban ji wanda ya tambaye ta ba. Matar da ba ta san harafi ɗaya ba, ga hannunta yana aiki a hannun yaran da ba su taɓa ganinta ba. Don haka duk malamin da ya koyi aikin kara a wurina, in yana raye yana karanta wannan, ya sani ba nawa ba ne. Na Habsu ne ta Tama, uwata, wadda na bari tsaye a bayan darni. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Ni kuma ya ba ni idon da zan kalle ta da shi ranar da za mu gamu.