Uku ke cika gwangwani

Shekarun baya can, a farkon shekarun tamanin, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyon koyarwa a wata firamare a nan Lafiya. Aji shida aka ba ni, darasin lissafi. Sau biyu malami zai zo daga kwaleji ya zauna a bayan aji ya duba ni. Wadda ta faɗi duka biyun, babu takardar malanta sai ta maimaita shekara, mahaifina kuwa ya riga ya ce ba zai ƙara mini ko wata ɗaya ba.

Zuwan farko, kan siffofi masu jiki ne: kiyub, silinda, kon. Na haddace ma'anarsu da Turanci tsaf, na tsaya ina zubowa kamar rediyo. Yara kuwa, Eggon ne, Alago ne, Migili ne, Hausar ma wasu a kasuwa suka tsince ta, balle Turanci. Suka zuba mini ido. Da aka tashi, malamin ya kira ni gefe ya ce, "Ke kanki kin san mene ne silinda?" Na sake karanto masa haddata. Ya girgiza kai ya ce zai dawo ranar Alhamis, a kan wannan darasin dai.

Wallahi gaskiyarsa ce. Ban sani ba. A wurina zane ne a littafi mai dogon suna, shi ke nan.

Ranar Laraba da la'asar ina zaune a tsakar gida, littafi a cinya, ina share hawaye, mahaifiyata ta dawo daga kasuwa. Gishirin Keana take sayarwa, ko bakin makaranta ba ta taɓa zuwa ba. Ta leƙo ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?" Na ce, "Inna, ba za ki gane ba, boko ne." Ku ji rashin kunya fa.

Ba ta kula ni ba. Ta ɗora yatsa a kan zanen silinda ta ce, "Wannan ai gwangwanin madara ne." Ta matsa kan kiyub. "Wannan ƙwayar sukari." Da ta zo kan kon sai ta yi dariya. "Wannan kuma ƙunshin gishirina ne aka kifa. A kan wannan kike kuka?"

Shekara biyar ina haddar gwangwani ban sani ba!

Ta yago takarda, ta naɗe ta kamar yadda take naɗa wa masu sayen gishiri kaɗan, ta daidaita bakinta da bakin gwangwanin, tsayinta da tsayinsa. Ta ce, "In kin naɗa shi haka, uku ke cika gwangwani. Duk mai gishiri ta san wannan." Na duba littafi, ga shi nan a rubuce da baƙaƙe da lambobi: kon kashi ɗaya ne cikin uku na silinda, in bakinsu da tsayinsu ɗaya. Na daɗe da haddace shi, ban taɓa tunanin abu ne da ake gani da ido ba.

Ranar Alhamis na shiga aji da tiren gishiri da gwangwani da takarda a ka, kamar mai talla. Yara suka fashe da dariya, malamin ya haɗe rai. Na ɗaga gwangwani na ce kowa ya faɗi sunansa da yarensu. Aji ya kaure. Sannan na ce, to Bature silinda yake ce wa duk abu mai wannan siffa. Nan take suka fara kawo nasu: ganga, turmi, bututun famfo. Turmin ma sai da muka yi gardama a kansa.

Sai aka zo awo. Na san in gishirin nan ya zube ko ya gaza, tawa ta ƙare. Na juye ƙunshi ɗaya. Na juye na biyu. Na uku ya tsaya cif a bakin gwangwani. Yara suka ɗauki ihu, "Malama ya yi dabo!"

Malamin ya taso, ya karɓi takardar, ya auna da kansa har sau biyu. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce mahaifiyata. Ya ce, "A wace makaranta take koyarwa?" Na ce, "A kasuwa take, layin masu gishiri." Sai ya ce in gaishe ta, kuma in gaya mata 'yarta ta ci.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan nan, kuma ban ƙara ba yaro kalmar Turanci ba sai na sa masa abin a hannu tukuna. Har yau in na ji wani ya ce ɗansa ba shi da kan lissafi, nakan ce a gwada shi da gwangwani, yawanci sunan ne kawai ya tsorata shi.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai daban ne. Tun da na shiga kwaleji ban taɓa zama a rumfar Inna ba, kunya nake ji kada ƙawayena su gan ni. Ranar nan daga makaranta kasuwa na wuce, da kayan malanta a jikina, na ja kujera na zauna kusa da ita. Sai ta miƙo mini takarda, na fara naɗawa.